Bashin Da Kwamfuta Ta Ƙaga: Tarihin Hukuncin Da Aka Ɓoye A Ostireliya

 Yau tarihi na kawo muku, kuma daga nesa na ɗauko shi, can ƙasar Ostireliya. Labari ne na yadda gwamnati ta bi talakawanta fiye da 400,000 bashin da doka ba ta san da zamansa ba, da yadda wata ƙaramar kotu ta gano gaskiyar maganar tun da wuri, ta faɗa, ta sake faɗa, amma aka shaƙe muryarta ta hanyar da ta ba ni mamaki ƙwarai. Duk lokacin da hukuma ta faɗi shari'a a gabanta sai ta karɓi kayen, ta kaɗe rigarta, ta yi gum. Ku biyo ni sannu a hankali ku ji yadda aka yi.

Alawus ɗin marasa aiki

Tun shekarar 1945 gwamnatin tarayyar Ostireliya take biyan wanda ya rasa aiki ɗan alawus da zai riƙe kansa kafin ya samu abin yi. Daga 1991 sunan wannan alawus Newstart, har zuwa watan Maris na 2020 da aka sauya masa suna ya koma JobSeeker. Hukumar da ke biya kuwa ita ce Centrelink, wadda aka kafa a 1997. Kada mai karatu ya zaci wata dukiya ake rabawa. A shekarun da nake magana a kai, mutumin da ba shi da iyali abin da yake samu kimanin dala 40 ce ta ƙasar a rana, a inda haya da abinci suke da ɗan karen tsada.

Ƙa'idar biyan ita ce sati biyu-biyu. Duk bayan kwana 14 mutum zai sanar da hukuma ko ya yi wani ɗan aikin wucin gadi, da nawa aka biya shi. In ya samu da ɗan kauri a rage masa alawus, in bai samu komai ba a ba shi cikakke. Dokar jin daɗin jama'a ta 1991 ta gina lissafin ne a kan abin da mutum ya samu a cikin waɗannan kwana 14, kowane sati biyu da nasa lissafin. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk rigimar a nan ta kwanta.

Ba shakka akan biya mutum fiye da haƙƙinsa. Wani mantuwa ce, wani kuskuren ma'aikaci ne, wani kuma da gangan ya ɓoye. Shi ya sa tun farkon shekarun 1990 ake gwada bayanan hukumar da na hukumar haraji. In an ga saɓani, sai ma'aikaci ya zauna ya bi fayil ɗin, ya rubuta wa kamfanin da mutumin ya yi wa aiki a aiko da takardun albashi, don doka ta ba hukuma ikon neman su. Sai an tabbatar sannan a ce wane ana bin ka kaza. Aiki ne mai cin lokaci, a shekara ba a wuce bincike kamar 20,000.

Asalin kotun

Kafin mu shiga rigimar, bari in gabatar muku da kotun da ta zama tauraruwar labarin. A da can, in ma'aikatar gwamnati ta yanke wa mutum hukuncin da bai gamsu da shi ba, sai dai ya nufi babbar kotu da lauyoyinsa, abin da talaka ba ya iyawa. A 1971 wani kwamiti a ƙarƙashin Mai shari'a John Kerr ya ba da shawarar a kafa wuri na musamman mai sauƙi da araha. Aka yi doka a 1975, ran 1 ga Yuli 1976 aka buɗe kotun sauraron ƙorafi a kan hukuncin hukumomi, wadda suke kira AAT a taƙaice. Shugabanta na farko shi ne Gerard Brennan, wanda daga baya ya zama alƙalin alƙalan ƙasar.

Abin da ya bambanta ta da sauran kotuna shi ne, tana hawa kujerar jami'in da ya yanke hukuncin ne, ta sake duba maganar tun daga tushe, ta ce ga abin da ya dace a yi. Masu zama a cikinta ba duka ne alƙalai ba, mambobi ake ce musu, akwai lauyoyi, akwai likitoci, akwai masana harkar jama'a, kuma gwamnati ce ke naɗa su na wani wa'adi.

A shekarar 1975 ɗin dai an kafa wata 'yar ƙaramar kotun daban don masu karɓar alawus. Da fari shawara kawai take bayarwa, sai a 1988 ta samu ikon yanke hukunci. Ran 1 ga Yuli 2015 aka haɗe ta da AAT, ta zama matakin farko a cikinta. To ga yadda tsanin yake a wancan lokacin: in an ce ana bin ka bashi, ka fara neman wani babban jami'i na cikin Centrelink ya sake dubawa. In ba ka gamsu ba ka tafi matakin farko na AAT, kyauta ne, ba sai da lauya ba, sau da yawa ma ta waya ake yi. In har yanzu da saura, kai ko ma'aikatar kowa yana da kwana 28 ya ɗaukaka ƙara zuwa mataki na biyu.

Sai dai akwai wani bambanci tsakanin matakan nan biyu. A wancan lokacin matakin farko a asirce ake zama, kuma ba a buga hukuncinsa, don a rufa wa talaka asirin talaucinsa da rashin lafiyarsa. Mataki na biyu kuwa a fili ake yi, ana buga hukuncin kowa ya karanta, lauyoyi da 'yan jarida su ɗauka. Niyyar rufin asirin mai kyau ce. Amma ashe wata rana da ita za a yi amfani a rufe ɓarna.

Yadda aka ƙera bashin

A kasafin kuɗin watan Mayu na 2015, lokacin Scott Morrison yana ministan jin daɗin jama'a, gwamnati ta fito da sabon shiri wanda ta ce zai dawo mata da kuɗi kimanin dala biliyan 1.7. Aka yi gwaji a 2015, a watan Yuli na 2016 aka sakar wa kwamfuta ragama gaba ɗaya. Mutanen ƙasar suka raɗa wa abin suna Robodebt, wato bashin da na'ura ta ƙaga. Binciken da a da ake yin 20,000 a shekara, sai ga shi ana fitar da takardu har 20,000 a sati.

Dabarar ita ce raba-daidai. Hukumar haraji jimillar abin da mutum ya samu a shekara take da shi, ba ta da bayanin sati biyu-biyu. Sai kwamfuta ta ɗauki jimillar ta raba gida 26. Bari in ba da misali. A ce wani saurayi ya yi aiki wata shida ya samu dala 13,000, sai aka sallame shi, ya yi wata shida a zaune yana karɓar alawus, kullum yana faɗa wa hukuma gaskiya cewa bai samu ko sisi ba. Kwamfuta za ta raba 13,000 gida 26, ta ce ai kowane sati biyu yana samun dala 500, har da watannin da yake zaune. Shi ke nan ya zama maƙaryaci, alawus ɗin da ya ci da haƙƙinsa ya zama bashi. Waɗanda abin ya fi faɗa wa su ne masu aikin yau da akwai gobe babu, da ɗalibai, da iyaye masu rainon 'ya'ya su kaɗai.

Sannan aka juya wa mutane nauyin kawo hujja. Takarda za ta zo, a ba ka kwana 21 ka shiga intanet ka kawo takardun albashinka na shekara biyar ko shida da suka wuce. Wani kamfanin ya rufe, wani maigidan ya ƙaura. Takardu da yawa ma tsohon adireshi aka aika su, mutum bai san ana yi ba sai dai ya ji kamfanin karɓar bashi a waya. Wasu aka ɗora musu tarar kashi 10 cikin 100. Wasu aka riƙe rarar harajin da ya kamata a mayar musu. Daga ranar 1 ga Janairu 2017 kuma aka cire iyakar shekara shida da doka ta sa wa bin irin wannan bashi. A watan Disamba na 2016 ministan da ke kula da hukumar, Alan Tudge, ya fito a talabijin yana gargaɗin cewa za a nemo masu bashin duk inda suke, za su biya, kuma suna iya ƙarewa a gidan yari. To mai karatu, wanda yake rayuwa da dala 40 a rana ya ji wannan daga bakin minista, ya zai yi? Dubban mutane biya suka fara yi da kaɗan-kaɗan, ba don sun yarda ba, sai don tsoro.

Hukuncin 8 ga Maris

'Yan kaɗan ne suka daure suka hau tsanin har zuwa AAT. Cikin mambobin da ƙararrakin suka faɗo hannunsu akwai Farfesa Terry Carney, malamin shari'a a Jami'ar Sidni, wanda ya yi kusan shekara 40 yana sauraron ƙarar masu alawus. Ran 8 ga Maris 2017 ya yanke hukuncinsa na farko a kan wannan bashi.

Abin da ya ce a taƙaice shi ne: wanda ya ce yana bin wani bashi, shi ne zai kawo hujja. Doka ta ce a lissafa abin da mutum ya samu a kowane sati biyu, raba-daidai kuwa ba ya nuna abin da aka samu a ko da sati ɗaya. Saboda haka babu hujjar cewa akwai bashin, balle a san adadinsa. Ya soke bashin, ya ce in hukuma tana son sake lissafi ta je ta nemo takardun albashi na gaskiya, kada ta sake amfani da raba-daidai. A cikin shekarar ya yanke irin wannan hukunci har sau biyar.

A nan ne labarin ya ɗauki wani salo. Hukuncin ya rusa ginshiƙin shirin gaba ɗaya. In ma'aikatar tana ganin farfesan ya yi kuskure, tana da kwana 28 ta ɗaukaka ƙara. In kuma tana ganin ya yi daidai, to wajibi ne ta tsayar da shirin. Sai ta ƙi yin ko ɗaya. Ta gyara wa wanda ya kai ƙara lissafinsa, ta bar kwana 28 suka wuce, washegari kwamfuta ta ci gaba da buga takardu.

Dalilin a fili yake. Ɗaukaka ƙara na nufin zuwa mataki na biyu, inda za a buga hukuncin duniya ta gani, kowane lauya ya riƙe shi makami. Hukuncin matakin farko kuwa mutum ɗaya ya shafa, daga shi sai ma'aikatar suka san da shi. Asarar bashin mutum ɗaya ba komai ba ce a kan dubban ɗaruruwan da ake karɓa. Sai aka zaɓi a bar kaza cikin gashinta. Shi wanda ya ci shari'ar yana murna, bai san maƙwabcinsa na biyan irin bashin da aka soke masa ba. Maƙwabcin kuma bai san akwai hukuncin da zai cece shi ba. Dole in faɗa cewa ba duk mambobin ne suka bi ra'ayin Carney ba, akwai waɗanda suka bar lissafin ya wuce. Amma daga baya, a 2020, takardun da lauyoyi suka shigar a kotu sun lissafa hukunci 76 na AAT da suka ce bashin bai da tushe, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan ko ɗaya ba.

A watan Satumba na 2017 wa'adin Carney ya cika, gwamnati ba ta sabunta masa ba. Da ya bar kujerar sai bakinsa ya buɗe. A 2018 ya buga maƙala a wata mujallar shari'a, ya bayyana wa duniya hujjojin da ya daɗe yana rubutawa a ɓoye. Kafin nan ma an yi ta kuka. Jama'a sun taru a intanet suna ba da labarin abin da ya same su, jami'in sauraron koke-koke na tarayya ya fitar da rahoto a watan Afrilu na 2017, kwamitin majalisar dattawa kuma a watan Yuni ya ce a dakatar da shirin. Gwamnati ta ɗan gyara kalaman takardun, ta ƙara wa'adin amsawa, amma raba-daidai yana nan daram.

Dala 92 da ta tona asiri

Tunda ƙaramar kotu an toshe mata hanya, sai hukumar taimakon shari'a ta jihar Biktoriya ta nufi Kotun Tarayya kai tsaye. A watan Fabrairu na 2019 ta shigar da ƙarar wata ma'aikaciyar jinya da ake bi kimanin dala 4,000. Ana shigar da ƙarar, Centrelink ta sake lissafi, daga bisani ta ce babu bashin ma sam. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Tunda babu bashi, sai ta ce babu sauran abin da alƙali zai duba.

Lauyoyin suka sake kawo wata matar. Ita an aika mata takardu a gidan da ta daɗe da tashi, aka ɗora mata bashin fiye da dala 2,500, aka kwashe rarar harajinta fiye da dala 1,700 ba da saninta ba. Nan ma aka sake wasan. Hukuma ta nemo takardun gaskiya, sai ga shi abin da aka biya ta fiye da ƙima bai kai dala 2 ba. Aka soke bashin, aka mayar mata da kuɗinta. Amma aka ƙi biyan ta kuɗin ruwa na tsawon lokacin da aka riƙe mata kuɗin, abin da bai wuce dala 92 ba. Wannan 'yar rowa ita ta bar shari'ar da rai.

Ganin ba makawa sai an tsaya gaban alƙali, gwamnati ta nemi ra'ayin babban lauyanta, Stephen Donaghue. A watan Satumba na 2019 ya ba ta amsa cewa raba-daidai kaɗai ba ya tabbatar da bashi, wato abin da Carney ya faɗa shekara biyu da rabi kafin nan. Ran 19 ga Nuwamba gwamnati ta sanar da daina aiki da shi. Ran 27 ga Nuwamba Mai shari'a Jennifer Davies ta ayyana cewa bashin matar da tarar da riƙe harajinta duk sun saɓa wa doka, kuma gwamnati da kanta ta sa hannu ta amince.

Ranar wanka

Daga nan sai bango ya tsage. Kamfanin lauyoyi na Gordon Legal ya shigar da ƙarar taron dangi a madadin duk waɗanda abin ya shafa. A ƙarshen watan Mayu na 2020 gwamnati ta ce za ta mayar da dala miliyan 721. A watan Yuni Morrison, wanda a lokacin ya zama firayim minista, ya nemi afuwa a majalisa. A watan Yuni na 2021 Mai shari'a Bernard Murphy ya amince da sulhun da ya kai kimanin dala biliyan 1.8, ya kira lamarin abin kunya a tarihin mulkin ƙasar. Lissafin da ya fito shi ne, an ɗora wa mutum kimanin 433,000 bashin da ba shi da tushe, an kuma riga an karɓi dala miliyan 751 daga mutum kimanin 381,000.

Da gwamnati ta sauya a 2022, Anthony Albanese ya kafa babbar hukumar bincike a ƙarƙashin Catherine Holmes, tsohuwar babbar mai shari'a ta jihar Kwinsland. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aka fito da takardu da suka nuna cewa tun ƙarshen 2014, kafin a fara komai, lauyoyin ma'aikatar sun yi gargaɗin cewa raba-daidai bai dace da doka ba. A 2018 wani kamfanin lauyoyi na waje ya ba da irin wannan shawara, aka bar ta a matsayin daftari don kada ta zama dole a yi aiki da ita. Iyaye mata suka zauna gaban hukumar suka ba da labarin 'ya'yansu samari da suka kashe kansu bayan an matsa musu da zancen bashin. Allah Sarki, waɗannan babu kuɗin da zai dawo da su.

Rahoton ya fito ran 7 ga Yuli 2023. Holmes ta ce shirin ɗanyen aiki ne na rashin tausayi, babu adalci a cikinsa kuma babu doka. Ta ce Morrison ya bari an ɓatar da majalisar ministoci, shi kuma ya musanta. Shirin da aka yi hasashen zai tara wa gwamnati dala biliyan 4.7, ya ƙare da jawo mata asarar fiye da rabin biliyan. Cikin shawarwarinta har da cewa a riƙa buga muhimman hukunce-hukuncen matakin farko, a kuma tilasta wa ma'aikata su riƙa kai irinsu gaban manya.

Ita kanta AAT ba ta tsira ba. A watan Disamba na 2022 ministan shari'a Mark Dreyfus ya sanar da rusa ta, yana zargin gwamnatin baya da cusa 'yan jam'iyyarta a kujerunta. Ran 14 ga Oktoba 2024 sabuwar kotu mai suna ART ta maye gurbinta. Dokar da ta kafa ta ta ce a naɗa mambobi bisa cancanta, a buga hukuncin da ke da muhimmanci ga doka ko ga manufar gwamnati, a kuma kafa wani zama na musamman da za a riƙa tura masa maganar da aka ga ta shafi jama'a da yawa. A watan Satumba na 2025 kuma gwamnati ta amince za ta ƙara biyan diyyar dala miliyan 475.

Abin da na gani a ciki

Ni dai a ganina, kotun ta yi aikinta ga duk wanda ya isa gabanta ya dace da mamba mai lura. Kyauta ce, ba ta bukatar lauya, kuma ta faɗi gaskiya wata takwas kacal bayan an sakar wa kwamfuta aikin. Inda gizo ya yi saƙa shi ne, an gina ta ne a kan zaton cewa hukuma in ta faɗi shari'a za ta yi ɗaya cikin biyu, ko ta gyara halinta ko ta ɗaukaka ƙara. Ba wanda ya yi tanadin ranar da za ta zaɓi yin shiru. Daga 8 ga Maris 2017 zuwa 19 ga Nuwamba 2019 wata 32 ne da 'yan kwanaki, kuma duk takardar bashin da ta fita a tsakanin nan ta fita ne bayan an riga an gaya wa ma'aikatar a rubuce cewa lissafinta ba ya tsayawa a gaban doka. Da an buga hukuncin nan ɗaya a jarida a makon da aka yanke shi, da mutane da yawa sun san cewa suna da ikon cewa a kawo hujja kafin su biya.